Ni ne mai buga ƙararrawa a firamarenmu

Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare autana ya kawo mani aikin gida wai an ce su zana agogo su nuna ƙarfe 9 da rabi, ina riƙe da fensirin sai na kama dariya ni kaɗai har uwarsu ta leƙo ta ce Malam lafiya? Na ce lafiya lau, wani tsohon laifi nawa na tuna. Shi ne na ce bari dai in zauna in rubuta shi tun da sauran ƙarfi, don yaran nan in ka ba su labari da baki gani suke ƙari kake. Sunan garin namu dai ku yi haƙuri ba zan faɗa ba, mutanen da ke cikin labarin wasu na raye, waɗanda suka rasu kuma jikokinsu na nan cike da Facebook. Gari ne dai a kudancin ƙasar Katsina, inda ake noman auduga da dawa.

Makarantar tamu ta girmi babana ma a karatu, in dai za a ce ya yi. Elementare ce tun zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta da, bulo ɗaya mai aji biyu da ɗan ofis a tsakiya, ginin dutse, katangar nan kauri kamar ta gidan yari, ko da rana ta take in ka shiga sanyi za ka ji. A lokacin shekara 4 ake yi a nan, wanda ya yi ƙoƙari a wuce da shi Midil a Katsina. Kuma ba kai ke kai ɗanka ba, zuwa ake a ɗauka. Hakimi ya aiko wa dagaci, dagaci ya aiko wa mai unguwa a kawo yara kaza, sai gari ya ruɗe kamar an ce ga yaƙi nan. Baba ya sha ba mu labari da bakinsa cewa ranar da dogarai suka zo unguwarsu, kakarmu cikin rumbu ta jefa shi ta rufe, ya wuni kan damman gero ƙaiƙayi na cinsa bai isa ya yi tari ba. Da aka rasa shi sai aka kama wani maraya da ke riƙo a maƙwabta aka cike gurbi da shi, don shi ba mai yi mashi kuka. To marayan nan shi ne daga baya ya zama babban ma'aikaci a Kaduna, in ya zo gida da Sallah Baba na cikin masu zuwa gaishe shi. Baba bai taɓa cewa ya yi nadama ba, ba irin mutanen nan ne masu faɗar haka ba, abin da dai na sani duk sanda zai kai auduga kasuwa a auna sai ya nemi wanda zai duba mashi takardar, kuma in ya dawo ranar ba ya son magana.

Sauran azuzuwan kuwa na UPE ne, wanda gwamnatin Obasanjo ta kawo a 1976 aka ce kowane yaro ya shiga kyauta. Bulo ukku aka ƙara, 'yan kwangila suka yi su cikin gaggawa, kafin mu mu shigo har iska ta yaye kwanon ɗaya, siminti ƙasa duk ya farfashe ya koma rairayi. Na En'en nan kuwa ko tsaga babu. Har gobe in ana gardamar aikin da da na yanzu ni ba na cewa komai, wannan bulo biyun kawai nake tunawa.

A 1984 Baba ya kama hannuna da kansa ya kai ni. Kakarmu tana ƙofar ɗaki tana faɗa, wai yanzu mijin nawa za ka kai ma bokoko, ni da na ɓoye ka? Ya ce Inna ai shi ya sa. Ba takardar haihuwa ba komai, Hedimasta na zaune ƙarƙashin iccen bedi, wanda Kanawa ke ce ma darbejiya, da tebur da babban rijista, sai ya ce ɗora hannunka bisa kai ka kamo kunnen can. In hannunka ya kai ka isa shiga, in bai kai ba sai baɗi. Nawa da ƙyar ya taɓa, na ɗan karkatar da kai na yi ha'inci, ya gani sarai ya yi murmushi ya rubuta. Shekarun haihuwar da ya ƙiyasta mani ran nan su nake amfani da su har yau a duk takarduna.

A jikin wannan bedin ƙararrawar take. Wai ƙararrawa, tsohon wilin babbar mota ne aka rataye da waya, da guntun rodi da ake dukansa. Amma fa in aka buga shi har fadama ana ji. Garin kaf masu agogo ba su fi a ƙirga da yatsu ba, saboda haka da shi kowa ke aiki, matan aure da ke cikin gida da shi suke sanin lokacin ɗora sanwa, manomi na gona in ya ji na tashi ya san azahar ta kusa, hatta mai jiran motar kasuwa da shi yake lissafi.

Yadda ranarmu take, da asuba makarantar allo, mu dawo mu sha koko ko ɗumame, a saka yunifom, farar riga da shuɗin wando, yawancinmu ba takalmi, littafi cikin leda ko jakar buhu da Inna ta ɗinka. Kowa da 'yar tsintsiyarsa don kafin asambali sai an share fili, kowane aji da yankinsa. Lokacin kuma zamanin WAI ne, wato yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon, abin layi da tsafta ya shigo har makaranta, malamai suka samu abin da suke so. Ran Litinin a duba farce da haƙora da gashi, mai ƙazanta a fito da shi gaba, wani lokacin a sa manyan yara su kai shi bakin rijiya su dirje shi da soso gaban kowa. Malamin Arabiyya ya yi addu'a, a yi taken ƙasa da alkawari wanda mu dai haddace sautin muka yi kamar aku, sai da na shiga sakandare na san me muke cewa. Wanda ya yi latti kuwa ga monitoci a bakin hanya da tsumagiya, ko tsallen kwaɗo daga bakin titi har ƙofar aji, ko kamun kunne har ƙafarka ta riƙa rawa.

Aji ɗaya a ƙasa muka yi shi, a rairayi muke rubutu da yatsa, Malam na zagawa yana dubawa, in ka yi daidai ya ce share ka sake, in ba daidai ba ya share maka da ƙafa. Benci sai aji ukku, shi ma mu biyar-biyar. Allo in ya koɗe mu ake aikawa mu tsinto tsofaffin batiran rediyo a bola, mu fasa mu kwashe baƙin garin nan mu kwaɓa da ƙaro da ruwa mu shafe, ranar duk mu koma gida kamar maƙera. Ana kiran rijista kowa na firezan sa, har wanda bai zo ba wani ya amsa mashi. Sai haddar lissafi, tu wan tu, tu tu fo, da waƙa da rangaji, aji shida na yi aji biyu na yi makaranta duk ta ɗauka. Daga aji huɗu aka ce an hana banakula, duk wanda ya yi Hausa monita ya rubuta sunansa, to mu kuma ba Turancin, sai ajin ya koma na kurame, da hannu ake magana. Abin dariyar shi ne shi kansa Malam in ya gaji da bayani ba mu gane ba sai ya juye Hausa ya ce kai ku saurara dalla.

Amma duk wannan ba shi ke kai mu makaranta ba, tara ce. Ko da yake 9 da rabi ake fita, sunanta tara. Kuɗin tarata sule ne, kwabo 10, ran da Baba ba shi da shi a ba ni sisi, ran da babu gaba ɗaya Inna ta ƙulla mani aya ko gyaɗa a bakin riga. Masu talla na jere gindin katangar En'e, ɗan wake da mai da yaji, ƙosai, awara, rogo da ƙuli, kwaɗon zogale, ɗan malele, ga masu alawa da hanjin ligidi da carbin malam da ɗan tamatsitsi, lokacin goruba goruba, lokacin magarya magarya. Akwai wata dattijuwa bazawara, mijinta ya rasu ya bar mata yara, Iya mai ɗan wake muke ce mata, ita da kanta take zuwa ba aike ba, ɗan wakenta kafin ka ƙifta ido ya ƙare. Sai a ci a sha ruwan randa da moɗa ɗaya duk makaranta, maza su tafi tamola da ƙwallon tsumma ko langa, mata na gefe suna carafke da 'yar gala-gala.

Sauran abubuwan shekara kuma kowa ya san su. Handiwok a kawo tsintsiya ko igiya ko mafici, wanda kakarka ce ta yi amma ka rantse kai ka yi. Gonar makaranta da muke nomawa da damina a sa gyaɗa, in an sayar a sayi alli da ƙwallo. Da kaka in auduga ta fashe rabin aji ba ya zuwa, duk suna gona, Hedimasta ya hau kekensa Raleigh yana bi gida-gida yana faɗa da iyaye. Ran 27 ga Mayu da 1 ga Oktoba a zuba mu bayan babbar mota a kai mu hedikwatar ƙaramar hukuma fareti, kambas na aro, safa ta aro, mu goge takalmin da alli ya yi fari, kafin a iso gaban manyan baƙi ƙura ta mayar da shi ja.

Ina aji huɗu a 1987 Babangida ya ƙirƙiro jihar Katsina daga Kaduna. Na tuna Hedimasta ya tara mu ya ce daga yau kowa ya goge Kaduna a bangon littafinsa ya rubuta Katsina, shi kuma ya samo fenti ya hau benci ya gyara allon bakin hanya da hannunsa, har shekaru bayan nan in ka kalla da kyau kana hango tsohon rubutun a ƙasa. A wannan shekarar ce ya naɗa ni taimkifa, wato mai duba lokaci ya buga ƙararrawa. Ba don na fi kowa ƙoƙari ba, gidanmu ne kusa kuma ba na latti. Matsalar ban iya duba agogo ba. Sai ya zaunar da ni a ofis kwana ukku bayan an tashi, ya cire Seiko ɗinsa ya aje bisa tebur, ya ce ƙaramin hannu shi ne dagaci ba ya gaggawa, dogon shi ne ɗan aike. Ya kuma nuna mani inuwar katangar En'e, ya sa na jera duwatsu inda take kaiwa lokacin tara da lokacin tashi, saboda ranar da ba ya nan.

Kai jama'a, mulki daɗi. Ni kaɗai ke fita aji ba tare da neman izini ba. Manyan 'yan aji shida masu gemu-gemu, don lokacin akwai waɗanda sun isa aure a firamare, su ke saya mani awara don in ƙara minti biyar a tara. Ina ƙarawa kuwa.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwarmu ce, shekara ta gaba. Malamai sun yi wata da watanni ba albashi, kowa ransa a ɓace, wasu ma sai su sa mu kwafar rubutu su zauna waje suna lissafin bashi. Hedimasta zai tafi hedikwata bin maganar kuɗin, da safe bayan asambali ya kira ni ya ɗaura mani agogon a hannu, ya yi mani yawa har sai da na tura shi kusa da gwiwar hannu, ya ce ka kula da shi kamar idonka. Yana bacewa manyan nan su huɗu suka tare ni bayan aji, wai 'yan dambe sun zo kasuwa kuma tun da rana za a fara, in ban san yadda zan yi a tashi da wuri ba in kuka da kaina, in kuma na yi akwai sule biyar. Sule biyar fa, kuɗin tarar sati guda. Ba zan ɗora masu duka ba, ni ma ina son ganin damben. Na ja ɗan maɓallin nan na murza dogon hannu ya zagaya sau ɗaya cif, awa guda.

Na je na buga tara. Wani malami ya leƙo ya ce kai, har tara ta yi? Na miƙa mashi hannu ya duba ya ce ikon Allah, yau rana na gudu. Aka fito, gindin katanga wayam, ba mai talla ko ɗaya, don su lissafinsu daga ƙararrawar safe suke yi, ƙosai ko mai bai yi zafi ba. Yara suka yi ta zagaye da kuɗi a hannu. Can na hango Iya mai ɗan wake tafe da sauri-sauri da kwano a kai, zanenta na harɗe ta, ta ji ƙararrawa ta tsame shi bai gama dahuwa ba, tana isowa lokacin komawa aji ya yi a agogona, na kuwa buga. Na ga sanda ta tsaya ta sauke kwanon tana kallon yara na shigewa. Ta zauna wai ta jira tashi, da na buga tashi 12 da rabi maimakon 1 da rabi ba wanda ya ko kalle ta, duk aka kwasa sai kasuwa. A gida kuma Inna ta ɗora tuwon rana da wuri, Baba ya baro gona ya yi alwala ya je masallaci ya tarar ba kowa sai awaki, ya zauna yana jiran ladan yana mamaki.

Damben ma ba a fara ba sai bayan la'asar.

Wautar yaro, na manta ban mayar da agogon ba. Da yamma na kai ma Hedimasta gida, ya karɓa ya ɗaura ya ce madalla. Shi kuma al'adarsa kullum da Rediyon Kaduna yake daidaita shi in za a fara labarai. Ko da aka faɗi lokaci ya duba hannu, shi kenan.

Washegari a asambali bai yi dogon jawabi ba. Ya ce taimkifa fito. Ya ce wa ya sa ka? Na yi shiru don suna bayana ina jin numfashinsu. Ya ce to a ɗaga shi, kuma wallahi waɗanda ya kira su riƙe ni su huɗun nan ne, don su ne ƙarti masu riƙo dama, biyu hannu biyu ƙafa, ɗaya har yana raɗa mani in ka faɗa sai mun karya ka. Bulala shida ya yi mani masu kyau. Ni dai ban goyi bayan irin dukan da ake mana a lokacin ba, akwai yaran da duka ya kora daga makarantar har abada na san su, wasu malaman huce haushin albashi kawai suke a jikinmu, amma wannan shidan ban taɓa jin an zalunce ni ba.

Da aka watse ya ce biyo ni. Muka tafi har ƙofar gidan Iya, ya yi sallama ta fito, ya ɗan rusuna ya ce Iya ga ɓarawon naki na kawo. Ashe jiya ɗan waken haka ta mayar da shi gida ya kwana ya lalace, kuma garin bashi ta ɗauko. Ya tambaye ta na nawa ne, ta ce haba Malam a bar shi, yaro ne. Ya ce a'a. Ya zaro kuɗi daga aljihu ya ƙirga ya ba ta, mutumin da jiya ya je neman albashi ya dawo hannu rabbana. Ni kuma ya ce sati biyu kullum kafin in zo makaranta in cika mata randunanta, in kuma ɗauko mata kwanon zuwa makaranta a kaina gaban kowa. Wannan ɗaukar kwanon ta fi bulalar ciwo, har muka gama ana kirana mijin Iya. Ita kuwa baiwar Allah kullum sai ta zuba mani na sisi kyauta ta ce ci maigida, kar ka faɗa ma Malam. Sule biyar ɗin nan dai har yau ba su ba ni ba.

Na ɗauka ya ƙwace rodin ke nan, sai ga shi ran Litinin ya miƙo mani ya ce je ka buga. Ni na ci gaba da bugawa har muka zana Kwaman Entaran a 1990 na wuce sakandare ta kwana. Ya rasu ina shekarar ƙarshe a can, ban samu jana'iza ba, sai da na zo hutu aka faɗa mani.

Yanzu ina aiki a birni, gida ma saboda yanayin tsaron yankinmu sai a daɗe ban je ba. Bara na je ta'aziyya na ce bari in leƙa makarantar. Ginin En'e na nan daram. An yi sabon bulo mai fenti na UBE, shirin gwamnati na ilimin bai-ɗaya, amma yara sun ninka mu ban san sau nawa ba, aji ɗaya na leƙa duk a ƙasa suke har bakin ƙofa, malama ɗaya na ta fama muryarta ta dishe. Bedin na nan ya ƙara girma, wayar ma na nan ta nutse cikin reshe, wilin ne babu. Hedimastan yanzu, ƙanin wani abokina ne, ya ce ai Yaya 'yan jari bola sun kwance shi da dare tun shekara biyu da suka wuce, yanzu da waya muke duba lokaci a aiki yaro ya bi aji-aji yana faɗa. Muna cikin hira ya ce Yaya su yaran naka wace makaranta suke? Na faɗa mashi sunan ta kuɗin da suke. Ya ce Allah ya taimaka, haka duk 'yan kwamitin tsofaffin ɗalibai suke ce mani. Ba da gatse ya faɗa ba, amma na kasa haɗa ido da shi, na kama duba wayata kamar an kira ni.

Da na koma na je wajen wani bakanike na sayi tsohon wilin tifa na sa a motar kasuwa aka kai masu. Ya kira ni ya sa aka buga ina ji ta waya, sautin bai kai na da ba ko kuma kunnena ne ya tsufa. Ya ce sun samu wata yarinya 'yar aji biyar ita ce taimkifa, amma ba sa barinsa a icce, kullum in an tashi sai yara biyu sun kwance shi sun mirgina shi ofis an kulle, da safe a fito da shi. Kafin ya kashe wayar ya ce Yaya maganar benci fa, na ce mashi in sha Allahu ƙarshen wata, ga shi yau wata ukku ke nan.